Tambayoyi da Amsoshi Kan Ƙwayar Halitta da Yadda Take Aiki

An tattara waɗannan tambayoyi ne domin ɗaliban sakandare da masu shirin shiga makarantar koyon aikin jinya, da kuma duk wanda likita ya taɓa yi wa bayanin da ya fita bai gane ba. Yawancin abin da muke kira lafiya ko ciwo ko gado, a cikin ƙwayar halitta yake faruwa, don haka amsoshin za su riƙa leƙawa asibiti da gona da madafa.

Mece ce ƙwayar halitta?

Ita ce mafi ƙanƙantar abin da za a iya cewa yana da rai da kansa. Tana karɓar abinci, tana samar wa kanta ƙarfi, tana fitar da dattinta, tana jin abin da ke kewaye da ita, kuma akasari tana iya rabuwa gida biyu ta samar da irinta. In aka farfasa ta, abin da zai rage ruwa ne da maiƙo da furotin da gishiri, babu ko ɗaya a cikinsu da yake raye. Mutum da akuya da gero da itacen kuka duk da ƙwayoyin halitta aka gina su. Wasu halittun kuwa ƙwaya ɗaya ce tak, ita ce kan, ita ce ƙafar: bakteriya, da yis ɗin da ke kumbura burodi, da ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro.

Guda nawa ne a jikin mutum, kuma yaya girmansu?

Ƙiyasin da masana suka fi amfani da shi yanzu shi ne kimanin tiriliyan 30 a jikin baligi. Abin mamaki, fiye da kashi 80 cikin ɗari na wannan adadi jajayen ƙwayoyin jini ne. Faɗin kowace ɗaya bai wuce maikiromita 7 zuwa 8 ba, wato sai an jera kusan 130 kafin su cika milimita ɗaya. Ƙwan mace shi ne babba a cikin zagayayyun ƙwayoyin jikin ɗan Adam, kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita, daidai iyakar abin da ido zai iya tsinkaya. A tsawo kuma babu kamar ƙwayar jijiyar saƙo: akwai wadda zarenta ke tashi daga ƙasan gadon baya har zuwa yatsan ƙafa, kusan mita guda.

Me ya sa suke ƙanana haka?

Saboda komai ta fatarta yake shiga, ta nan kuma yake fita. Idan ƙwaya ta ninka faɗinta sau biyu, fatarta za ta ƙaru sau huɗu, amma cikinta zai ƙaru sau takwas. Ka ga ciki ya fi ƙarfin baki. Shi ya sa giwa ba ta fi ɓera manyan ƙwayoyi ba, yawa kawai ta fi shi.

Wa ya fara ganinta?

Robert Hooke na Ingila, a 1665, lokacin da ya yanki ɓawon itace siriri ya duba a madubinsa mai ƙara girman abu ya ga ƙananan ramuka a jere. Matattun bangaye ne kawai ya gani. Wanda ya fara ganin masu rai suna motsi wani ɗan kasuwar yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, wanda yake goge gilasansa da hannunsa. A shekarun 1670 ya duba ruwan tafki da maniyyi, daga baya har da dattin haƙoransa. Sai a 1838 da 1839 Jamusawa biyu, Matthias Schleiden da Theodor Schwann, suka bayyana cewa tsirrai da dabbobi duk daga ƙwayoyi aka haɗa su. A 1855 Rudolf Virchow ya yaɗa ƙa'idar da har yau ake kanta: kowace ƙwaya daga wata ƙwayar ta fito.

Me ke cikinta?

A waje akwai fata siririya ta maiƙo, rufi biyu. A ciki akwai ruwa mai kauri wanda sauran sassan ke ciki. Cibiyar ƙwaya, wadda ake kira nukiliyas, ita ke ajiye DNA. Raibosom su ke harhaɗa furotin bisa umarnin da ya fito daga cibiya. Akwai wasu hanyoyi masu lanƙwasa da ke karɓar furotin ɗin su gyara shi, sai sashen Golgi ya tattara ya tura shi inda ake buƙata, ko ciki ko waje. Laisosom jakunkuna ne masu ɗauke da sinadaran narkarwa, su ke cinye tsofaffin sassa da ƙwayoyin cutar da aka kama. Maitokondiriya kuma su ke samar da ƙarfi.

Haddace waɗannan sunaye yana fitar da ɗalibi a jarrabawa, amma ba shi ne ilimin ba. Abin riƙewa shi ne kusan duk aikin da ƙwaya ke yi, furotin ne yake yin sa: shi ne ƙofa, shi ne mai ɗaukar kaya, shi ne mai narkar da abinci. DNA kuwa bayanin yadda za a ƙera kowane furotin ne.

Ta yaya abubuwa suke shiga da fita? Kuma wai me ya haɗa wannan da ruwan gishiri da sukari?

Fatar ƙwaya kamar ganuwar birni take, mai ƙofofi da masu gadi. Iskar oksijin da wadda muke fitarwa suna ratsa maiƙon su wuce abinsu. Gishiri da sukari ba sa iyawa, sai ta ƙofar furotin da aka tanadar wa kowannensu. Wasu ƙofofin buɗewa kawai suke yi abu ya gangara daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci. Wasu kuma famfo ne, sai an kashe ƙarfi. Mafi shahara shi ne famfon da Jens Skou ɗan ƙasar Denmak ya gano a 1957, wanda a kowane juyi yake fitar da sodiyam uku ya shigo da fotasiyam biyu, waɗanda sinadaran gishiri ne. Da bambancin da wannan famfo ke haifarwa jijiyoyi suke aika saƙo, zuciya take bugawa. Ruwa kuma bin gishiri yake yi: duk ɓangaren da gishiri ko sukari ya fi yawa, can ruwa zai nufa. Abin da ya sa ke nan yankakken tumatir yake tsatsafo da ruwa in an barbaɗa masa gishiri.

To ga inda maganar ta shafi rai. A cutar amai da gudawa, gubar bakteriyar kwalara tana tilasta wa ƙwayoyin hanji su riƙa tura gishiri zuwa cikin hanjin ba tsayawa, ruwa ya bi, mutum ya tsiyaye cikin 'yan sa'o'i. Amma a jikin waɗannan ƙwayoyi akwai wata ƙofa da gubar ba ta taɓawa, wadda ba ta shigar da sodiyam sai tare da gulukos, wato wani nau'in sukari. Robert Crane ne ya bayyana ta a 1960. In aka ba mara lafiya gishiri da sukari a haɗe, su biyun za su shiga ta wannan ƙofa, ruwa ya biyo su ya koma jiki. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangladesh da ke Indiya, ruwan ƙarin da ake sa wa ta jijiya ya ƙare, sai likita Dilip Mahalanabis ya koma ba mutane wannan haɗi su sha. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4.

Awon yana da muhimmanci. In babu ƙunshin ORS na kemis, a lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa ana zuba ƙaramin cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri, a shafe, ba a tula ba. In sukari ya yi yawa, shi zai jawo ruwa daga jiki zuwa hanji, gudawar ta ƙaru. Don haka lemon kwalba ba ya maye gurbinsa, ko da yaro ya fi son sa.

Daga ina ƙwaya take samun ƙarfi?

Tuwon da aka ci yana narkewa ya zama gulukos, jini ya kai shi ko'ina. A cikin ƙwaya ana fara farfasa shi, sai maitokondiriya su ƙarasa aikin da taimakon oksijin, su adana ƙarfin a wani sinadari mai suna ATP, wanda shi ne kowane sashe yake kashewa. Jiki ba ya tara shi da yawa, sake sarrafa shi yake yi dare da rana, har an ƙiyasta cewa abin da mutum ke juyawa a yini ya kai kusan nauyin jikinsa. Ƙwaƙwalwa, wadda ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ba, tana cin kusan kashi 20 na ƙarfin. Shi ya sa mintoci kaɗan ba oksijin suke lalata ta.

Rogo mai ɗaci yana da sinadarin da ke sakin gubar sayanaid, ita kuma matakin ƙarshe na aikin maitokondiriya take toshewa. Oksijin yana nan a jini, amma ƙwaya ba ta iya amfani da shi. Feraye rogon da jiƙa shi na kwanaki da shanya shi ko soya garinsa, duk hanyoyin fitar da wannan guba ne, kuma gajarta su ganganci ne. A ciwon sukari kuwa matsalar a ƙofa take: insulin shi ke ba ƙwayoyin tsoka da kitse umarnin fito da ƙofofin gulukos. In ya yi ƙaranci ko ƙwayoyin sun daina jin kiransa, sukari sai ya taru a jini.

Wani abu kuma: maitokondiriya suna da ɗan DNA nasu daban, kuma daga uwa kaɗai ake gadonsa.

In DNA ɗin ƙwayoyin jikina iri ɗaya ne, me ya sa ƙwayar ido ta bambanta da ta hanta?

A kowace cibiya akwai kuromosom, wato ƙunshin DNA, guda 46, 23 daga uwa, 23 daga uba. In aka warware DNA ɗin da ke cikinsu aka miƙe shi zai kai kusan mita 2. An rubuta shi da haruffa huɗu na sinadari, kuma yana ɗauke da umarnin furotin kusan 20,000. Babu ƙwayar da take karanta duka. Ta hanta tana buɗe sassan da suka shafe ta, ta rufe sauran. Wadda za ta zama jar ƙwayar jini tana duƙufa kan himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin, in ta cika sai ta yar da cibiyar gaba ɗaya. John Gurdon ya tabbatar da cewa bayanin bai ɓata ba a 1962, da ya ɗauki cibiyar ƙwayar hanjin ɗan kwaɗo ya sa a ƙwan da aka cire wa tasa, aka samu cikakkiyar halitta. Da irin wannan dabara aka samar da tunkiya Dolly a Sukotilan a 1996.

Yaya suke yawaita? Kuma daga wa ake samun namiji ko mace?

Rabuwa iri biyu ce. A ta yau da kullum, ƙwaya tana kwafe DNA ɗinta, ta raba daidai, a samu biyu masu kuromosom 46 kowace. Da ita yaro yake girma, ciwo yake warkewa. Ɗayar kuma a maraina da gidan ƙwan mace kaɗai take faruwa, inda ake rage adadin zuwa 23 bayan an cakuɗa na kakanni. Wannan cakuɗawa ce ta sa 'yan uwa ɗaya uba ɗaya ba sa zama iri ɗaya.

Cikin kuromosom ɗin akwai biyu masu nuna jinsi. Mace tana da X biyu, namiji yana da X da Y. Ke nan kowane ƙwan mace X yake ɗauke da shi, babu zaɓi. Ƙwayar maniyyi ce ke zuwa da X ko Y: in X ce a haifi mace, in Y ce a haifi namiji. Mijin ma ba shi ne yake zaɓa ba, cikin miliyoyi wadda ta riga isa ita ce. Don haka dangin miji da ke gorin wai matar ɗansu "'ya'ya mata kawai take haifa" sun ɗora laifi inda babu shi.

Tagwaye kuwa, in ƙwai ɗaya ne ya rabu bayan ya haɗu da maniyyi, su ne masu kama sak, kuma jinsinsu ɗaya. In ƙwai biyu ne suka fito a wata guda, za a iya samun Hassan da Hussaina, kamanninsu kamar na sauran 'yan uwa.

Me ke faruwa a jinin mai sikila?

Harafi ɗaya ne ya sauya a umarnin ƙera himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin. Wannan sauyi yana canza tubali ɗaya, na shida, a ɗaya daga cikin sarƙoƙin furotin ɗin. Idan oksijin ya ragu, irin wannan himogulobin yakan manne da juna ya yi dogayen sanduna, su lanƙwasa ƙwayar ta koma siffar lauje, ta yi tauri. Lafiyayyar ƙwaya tana da laushi, tana matsewa ta wuce ta jijiyar da ta fi ta ƙanƙanta. Mai siffar lauje maƙalewa take yi, ta tare hanya, naman da ke gaba ya rasa oksijin. Wannan shi ne azabar ciwon ƙashi da ke tashi, musamman lokacin sanyi, ko in jiki ya rasa ruwa, ko zazzaɓi ya kama. Ga kuma gajeren rai: jar ƙwaya takan yi kwana 120 tana aiki, ta sikila kwana 10 zuwa 20. Ɓargo ba ya iya cike giɓin, sai ƙarancin jini da rawayar ido.

Jariri mai sikila yakan yi watannin farko lafiya lau, saboda har lokacin yana da ragowar himogulobin irin na cikin ciki, wanda ba ya mannewa. Sai wajen wata shida, in ya ragu, alamu su fara, sau da yawa da kumburin hannu da ƙafa.

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwo, inda ake ƙiyasin ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da shi duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS, wato ya gaji sauyin daga ɗaya cikin iyayensa kawai. Dalilin yawansa a nan shi ne zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayar cutar tana fara zama a hanta, sannan ta shiga jajayen ƙwayoyi ta hayayyafa ta fasa su. A jinin mai AS ba ta samun yadda take so, don haka yara masu AS sun fi tsira daga zazzaɓi mai tsanani, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka a 1954. Sun rayu sun haihu, gadon ya yaɗu. Ba wai mai AS ba ya kamuwa ba ne, gidan sauro ya zama dole gare shi ma.

Wani kuskure da ake yawan yi: in AS ya auri AS, ba cewa aka yi cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne zai zama SS, wato mai sikila, ba. Kowane ciki lissafinsa sabo ne, ɗaya cikin huɗu. Za a iya haifar uku a jere duk SS, za a iya haifar shida babu ko ɗaya. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, har da na rukunin jinin nan. A ganina gwajin ya fi amfani tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, lokacin da janyewa ba ta zama abin kunya ga gida biyu ba.

Mene ne bambancin bakteriya da bairas?

Bakteriya cikakkiyar ƙwaya ce, sai dai ba ta da cibiya, DNA ɗinta a sake yake, kuma tana da bango mai tauri. Bairas ba ƙwaya ba ne ma: ɗan guntun umarnin gado ne a cikin rigar furotin, ba ya ci, ba ya rabuwa, sai ya shiga ƙwayar wani ya sa ta yi ta kwafarsa. Kyanda, shan inna, mura, ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B duk aikin bairas ne. Taifod, tarin fuka da kwalara na bakteriya ne.

Fenisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a 1928, da danginsa irin su amoksisilin, hana bakteriya gina bangonta suke yi sai ta fashe. Ƙwayoyinmu ba su da wannan bango, shi ya sa maganin ba ya taɓa su. Bairas ma ba shi da shi. Wanda ya sayi kafso a kemis saboda mura bai taɓa bairas ɗin ba, ya dai kashe bakteriyar hanjinsa masu amfani, ya bar masu taurin kai su hayayyafa, ranar da ake buƙatar maganin da gaske ya ƙi ci.

Kuma yawancin bakteriya ba abokan gaba ba ne. Su ke mayar da madara nono da kindirmo, su ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa, su ke zaune a saiwar wake da gyaɗa suna kamo naitirojin daga iska, abin da ya sa gonar da aka yi wake take ƙara ƙarfi.

Ƙwayar tsiro fa?

Tana da abubuwa uku da tamu ba ta da su: bango mai tauri a bayan fatarta, babbar jakar ruwa a tsakiya, da koren sashe mai suna kulorofilas, inda ake haɗa sukari daga hasken rana da ruwa da iskar da muke fitarwa. In jakar ta cika ta tokare bango, ganye ya miƙe. In ruwa ya ragu ya yi yaushi. Takin zamani da aka zuba da yawa a gindin shuka yana jawo ruwa daga saiwa zuwa ƙasa, shi ne manomi yake cewa taki ya ƙone masara.

Ƙwayoyi suna mutuwa? Yaya ciwon daji yake farawa?

Kullum suna mutuwa ana maye gurbinsu. Na bangon hanji kwana 3 zuwa 5 suke yi. Ɓargo yana fitar da jajayen ƙwayoyi sama da miliyan 2 a kowace daƙiƙa. Yawancin ƙwayoyin jijiyar saƙo na ƙwaƙwalwa kuwa da su aka haife ka, da su za ka tsufa. Ƙwayar da ta lalace tana da tsarin kashe kanta cikin tsafta.

Ciwon daji yana farawa ne idan kurakurai suka taru a DNA ɗin ƙwaya ɗaya, musamman a sassan da ke cewa "rabu" ko "tsaya" ko "mutu". Sai ta yi ta rabuwa ba birki, zuriyarta ta zama ƙari, wasu su ɓalle su bi jini zuwa wani wuri. Kuskure ɗaya ba ya isa, shi ya sa ciwon ya fi yawa ga manya. Abubuwan da ke hanzarta shi sun haɗa da hayaƙin taba, da bairas ɗin ciwon hanta nau'in B, da gubar afalatoksin da funfuna ke sakawa a gyaɗa da masarar da aka adana ba su bushe ba. Waɗannan biyun na ƙarshe in sun haɗu a hanta ɗaya, haɗarin yana ninkuwa sosai. Kusan duk sankarar bakin mahaifa kuma bairas ɗin HPV ne sanadinta, wanda Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinsa a Oktoban 2023.

Ana iya gyara ƙwayar da ta zo da matsala?

An fara. Dashen ɓargo daga ɗan uwa wanda jininsu ya dace yana iya warkar da sikila, sai dai yana da haɗari da tsada. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da wani magani mai suna Casgevy: ana ciro ƙwayoyin ɓargon mara lafiyar, a gyara DNA ɗinsu ta yadda za su koma yin himogulobin irin na jarirai, a mayar masa. Kuɗin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne. Abin da ke kusa da hannun yawancin iyalai shi ne maganin haidiroksiyuriya, wanda shi ma wannan himogulobin ɗin yake ƙarawa, tare da rigakafi, shan ruwa da yawa da kariya daga sauro, duk a ƙarƙashin kulawar likita.

Zan iya ganin ƙwayar halitta da idona?

In makarantarku tana da madubin likita, ko na ɗalibai ne, ya isa. A ɓare albasa, a zare siririyar fatar nan mai kama da leda da ke cikin kowane ɓawo, a shimfiɗa ta a gilashi, a ɗiga ruwan aidin, a rufe da ƙaramin gilashi a hankali don kada iska ta shiga. A ƙarin girma sau 100 za a ga ƙwayoyin a jere da bangayensu, da cibiya a matsayin ɗigo mai duhu. Daga nan a ɗiga ruwan gishiri mai kauri a gefe a jira mintoci kaɗan: cikin ƙwayar zai tsuke ya janye daga bango. Jar albasa ta fi nuna wannan, kuma ita ba ta buƙatar aidin, sai dai a zare fatar daga bayan ɓawon, inda launin yake.